Sabon Fulogi A Tsohon Inji: Darasi Daga Motar Japan Zuwa Fadamar Likoro

Daga lokacin da ruwan sama ya ɗauke a watan Oktoba har zuwa dawowarsa wajen Mayu, rayuwar lambu a fadamun Likoro da Hunkuyi da Kudan, har zuwa Makarfi da Ikara, tana rataye ne a wuyan injin ban ruwa. Tumatir da albasa da tattasai duk ƙarar injin nan suke jira. Tun farkon shekarun 1990, lokacin da shirin Fadama na Bankin Duniya ya yaɗa ƙananan injinan fetur a Arewa, jigo ya zama labari a wurare da yawa. Shi kuwa injin, abin da yake jira wani ɗan ƙarfe ne da bai wuce tsawon yatsa ba, wato fulogi. Ranar da fulogi ya ƙi ba da wuta, sai dai a yi ta jan igiya har kafaɗa ta sage. Idan kuma aka yi kwana uku ba ruwa a zafin watan Maris, furen tumatir ya fara zuba, wahalar watanni ta tafi a banza.

Mu matasa mu ne kan gaba a wannan aiki. Mu ake aika sayen fulogi, mu ne yaran kanikawa a gareji, mu ne 'yan acaba. A 'yan shekarun nan kuma wani sabon fulogi ya shigo hannunmu, mai siririn baki kamar allura, wanda ake kira iridiyam. Da motocin zamani ya zo, yanzu ana samunsa a shagunan kayan gyara daga Sabon Garin Zariya zuwa Ƙofar Ruwa a Kano, kuma ya ninka na gargajiya kuɗi sau da yawa. Ana yi masa kirari iri-iri: wai yana ƙara wa inji ƙarfi, wai yana rage shan mai, wai yana tayar da injin da ya tsufa. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin hukuma ya tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da Naira 500 a lita cikin 'yan kwanaki, duk abin da aka ce yana rage shan mai sai ya samu masu saye.

To, shin ya dace a ɗaura wa tsohon inji sabon fulogi? Amsar a taƙaice ita ce, inji bai san sabo ko tsoho ba, abin da ya sani shi ne wanda ya yi masa daidai. Babu kuma injin da ya fi koyar da wannan darasi kamar wani baƙon inji da ba a saba gani a titunanmu ba, wanda ba shi da fistin ko ɗaya. Za mu je gare shi, amma bari mu fara da sanin shi kansa fulogin.

Me fulogi yake yi?

Injin fetur yana zuƙar iska da mai, ya matse su, sannan a kunna musu wuta su fashe su tura fistin. Kunna wutar nan ita ce aikin fulogi. Kwayil yana ɗaga 'yar wutar batir ko ta magneto zuwa bolt dubu goma ko ashirin, wani lokaci har talatin. Wutar ta bi ta tsinken da ke tsakiyar fulogi, ta yi tsalle zuwa 'yar ƙugiyar da ke lanƙwashe a bakinsa. Tsallen nan shi ne tartsatsin da muke gani in mun jingina fulogi a jikin inji mun ja igiya. Farin tangaran da ke jikinsa shi ke hana wutar sulalewa ta wata hanya. Injin dizal, irin na niƙa da manyan motoci, ba ya buƙatar wannan tartsatsi, domin zafin matsi kaɗai ke kunna mansa.

Dabarar ta daɗe. Étienne Lenoir ya yi amfani da tartsatsin lantarki a injinsa a Faransa tun 1860, kuma a 1902 kamfanin Bosch na Jamus ya fito da magneto mai ƙarfi haɗe da fulogi, abin da ya buɗe wa motoci hanyar gudu. Kamfanin NGK, wanda sunansa ke jikin yawancin fulogan da muke saye, an kafa shi a birnin Nagoya na Japan a 1936.

Ga lissafi ga masu son darasin lissafi. Injin ban ruwa irin Honda GX160 yana juyawa sau 3,600 a minti ɗaya idan an buɗe masa wuta. Duk juyi biyu ake samun fashewa ɗaya. Ke nan fashewa 1,800 a minti, 108,000 a awa guda. A duk wannan, bakin fulogi yana cikin wutar.

Saboda haka fulogi yana da aiki na biyu da mutane da yawa ba su sani ba: kwashe zafi daga bakinsa ya miƙa wa jikin inji. Masu ƙera shi suna son bakin ya zauna tsakanin kimanin digiri 500 zuwa 800 a ma'aunin Salshiyos. Idan bai kai 500 ba, baƙin hayaƙi zai taru a kansa, wutar ta riƙa bin hayaƙin tana gudu maimakon ta yi tsalle, inji ya ƙi tashi. Idan ya zarce 800 sosai, bakin zai zama kamar garwashi, ya kunna mai tun lokaci bai yi ba, har ya iya huda fistin. Wanda ke riƙe zafi shi ake kira fulogi mai zafi, wanda ke saurin zubar da shi kuma mai sanyi. Kowane inji da irin wanda aka auna masa.

Injin da ba shi da fistin

Felix Wankel Bajamushe ne, an haife shi a 1902, ya rasu a 1988. Bai yi karatun jami'a ba, amma ya shafe shekaru yana neman yadda za a yi injin da zai riƙa juyi kawai, ba tare da fistin mai hawa da sauka ba. A 1957 injinsa ya tashi a karon farko a kamfanin NSU na Jamus. Ana kiransa injin Wankel, ko injin rotari.

Ku ɗauki kwanson gyaɗa mai ƙwaya biyu a ranku, mai faɗin ƙugu. Haka cikin gidan injin yake. A ciki akwai wani ƙarfe mai kusurwa uku, gefunansa sun ɗan kumbura, shi ne rota. Yayin da yake juyawa, kusurwoyinsa uku suna gogar bango koyaushe, sai ya raba cikin gidan zuwa ɗakuna uku masu tafiya. A lokaci guda ɗaki ɗaya yana zuƙar mai, na biyu yana matsewa ko yana cin wuta, na uku yana fitar da hayaƙi. A kan kowace kusurwa akwai ɗan siririn ƙarfe mai toshe iska, wato sil, wanda yake yin aikin da ringi ke yi a jikin fistin.

NSU ta sa injin a motar Spider a 1964, sannan a Ro 80 a 1967. Sil ɗin motocin farko ya riƙa cinyewa da wuri, kuɗin sauya wa mutane inji ya durƙusar da kamfanin, a 1969 aka haɗe shi da wani ya zama abin da muka sani yau da Audi. Kamfanin Mazda na birnin Hiroshima shi ya riƙe amanar injin. Ya fito da Cosmo Sport a 1967, da RX-7 daga 1978 zuwa 2002, da RX-8 daga 2003 zuwa 2012. A 1991 motarsa mai suna 787B ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, karo na farko da motar Japan ta yi haka. A 2023 kuma ya dawo da injin a motar MX-30, inda yake aiki a matsayin janareta mai cajin batir.

Abin da ya shafe mu shi ne wahalar da fulogi ke sha a cikin wannan inji. Na farko, ɗakin da wuta ke ci dogo ne siriri, kuma tafiya yake yi, don haka Mazda ba ta tsaya ga fulogi ɗaya ba. A injinanta kowane rota fulogi biyu gare shi, ɗaya a ƙasa mai fara ba da wuta, ɗaya a sama mai biyo baya ya ƙone abin da ya rage. Motar tseren nan ta 787B rota huɗu gare ta, kowanne da fulogi uku, goma sha biyu ke nan. Na biyu, a injin fistin sabon mai da iska mai sanyi suna wanke bakin fulogi kafin kowace fashewa. A injin Wankel ta wani ɓangare ake zuƙar mai, ta wani ɓangare ake cin wuta, saboda haka fulogi ba ya samun wannan hutu. Na uku, duk juyi ɗaya na sandar inji sai an yi fashewa a gabansa. RX-8 tana kai juyi 9,000 a minti, wato fashewa 150 a daƙiƙa ɗaya a kowane rota. Na huɗu, da gangan injin ke ɗiga baƙin mai a cikin ɗakin wuta don sil ya samu santsi, kamar yadda muke zuba baƙin mai a cikin fetur na ƙaramin janareta Tiger. Man nan yana ƙonewa ya bar datti a bakin fulogi.

Na biyar shi ne mafi haɗari. Tun da sil yana shafar bango yana wucewa ta bakin ramin fulogi, dole fulogin ya maƙale a cikin raminsa, kada ya leƙo ko kaɗan. Idan aka ɗaura wanda ya yi tsawo, ko mai ƙugiyar da ta fito waje irin na sauran motoci, sil zai yi karo da shi. Daga nan sai sauke inji.

Wannan ya sa masu tsofaffin RX-7 a Japan da Amurka da Turai suke taka-tsantsan. Motocin da aka yi daga 1986 ana sa musu fulogi mai lamba 7 a ƙasa da mai lamba 9 a sama, irin su BUR7EQ da BUR9EQ, masu shafaffen baki. Da RX-8 ta fito, sai ta zo da na iridiyam, irin su RE7C-L da RE9B-T, kowanne da harafin da ke nuna raminsa don kada a musanya su. Da yawa daga masu tsofaffin motocin sun yi sha'awar sababbin, domin siririn baki ya fi saurin ba da wuta. Amma mai hankali a cikinsu ba ya murɗawa sai ya ajiye tsoho da sabo gefe da gefe ya auna tsawo, ya duba lambar zafi, ya tabbatar tsohon kwayil ɗinsa yana da lafiya. Wanda ya ƙara wa injinsa ƙarfi da turbo kuwa yakan koma mai lamba 9 sama da ƙasa, saboda zafin ya ƙaru. Tambayoyin nan uku, tsawo da zafi da ƙarfin wuta, su ne dai tambayoyin da ke gaban mai injin ban ruwa a Likoro.

Rubutun da ke jikin fulogi

Haruffa da lambobin da ke jikin farin tangaran ba ado ba ne, bayanin fulogin ne gaba ɗaya. Mu ɗauki BPR6ES na NGK, wanda Honda ta rubuta wa injin GX160. Harafin B yana nufin kaurin zaren da ake murɗawa milimita 14 ne. P yana nufin bakin ya ɗan fito waje. R yana nufin akwai abin rage ƙarar lantarki a ciki. Lamba 6 ita ce lambar zafi. E yana nufin tsawon zaren milimita 19 ne. S kuma tsinken tsakiya ne na gargajiya, mai kaurin milimita 2.5.

Da wannan mabuɗi za ku iya karanta na babura. C7HSA, wanda ake sa wa ƙananan babura da yawa, kaurinsa milimita 10 ne, tsawon zarensa 12.7. D8EA na irin Honda CG125 kaurinsa 12 ne, tsawonsa 19. Na iridiyam yakan ƙare da IX, misali BPR6EIX shi ne ɗan'uwan BPR6ES. Duk haruffan farko ɗaya ne, bakin kawai aka sauya. Wannan shi ne sabon fulogin da ya dace da wancan inji, ba kowane mai siririn baki da aka ciro daga wata mota ba.

Kauri ba ya yaudarar kowa, domin wanda bai yi daidai ba ba zai shiga ba. Tsawo shi ne mai yaudara. Fulogan motocin zamani da yawa zarensu ya fi na da tsawo. Idan dogo ya shiga ramin gajere, zai leƙa cikin silinda, fistin ya iya dukansa, ko hayaƙi ya daskare a zaren da ya leƙo, ranar cirewa ya yage zaren kan silinda. Idan gajere ya shiga ramin dogo, tartsatsin zai ɓuya a cikin rami, inji ya riƙa tari. Akwai kuma bambancin mazauni: wani fulogin da washa yake zama, wani kuma ƙasansa a fiƙe yake, ba shi da washa. Ba a sa wannan a gurbin wancan.

Lambar zafi ma tana da tarko. A NGK da Denso, idan lamba ta hau, fulogin ya fi sanyi. A Bosch da Champion kuwa akasin haka ne, idan lamba ta hau, ya fi zafi. Don haka lamba 7 ta wannan kamfani ba ita ce lamba 7 ta wancan ba. Wanda ya je shago ya ce a ba shi mai lamba 7 kawai, bai faɗi komai ba tukuna.

Sai tazarar da ke tsakanin tsinke da ƙugiya. Littafin GX160 ya ce milimita 0.7 zuwa 0.8. Fulogan motocin zamani da yawa suna zuwa da tazarar 1.1, saboda kwayil ɗinsu yana da ƙarfin tsallake ta. Tsohuwar Peugeot 504, irin wadda kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kakuri, Kaduna, tun daga shekarun 1970, da a-kori-kurarta da har yanzu ake lodin rake da kwandunan tumatir a kanta, ainihin wutarta ta kwantak ce, ba ta da wannan ƙarfi. Idan aka ba ta fulogi mai faɗin tazara, za ta iya tashi lafiya a tasha, amma da an yi mata lodi ta kama hawa, sai ta fara yanke wuta. Dalili kuwa, yadda matsi ya ƙaru a cikin silinda, haka wuta ke shan wahalar yin tsalle. Wannan ne ma ya sa fulogi zai iya ba da tartsatsi a waje, ya kasa a ciki.

Gaskiyar iridiyam

Iridiyam ƙarfe ne mai tsananin tauri da tsada. Ba ya narkewa sai zafi ya kai kusan digiri 2,450, alhali nikel da ake yin bakin fulogin gargajiya da shi yana narkewa a 1,455. Wannan juriya ce ta ba da damar a sirance bakin zuwa milimita 0.6 a NGK, ko 0.4 a Denso, ba tare da ya cinye da wuri ba. Kamar yadda muka koya a darasin fiziks, lantarki ya fi son taruwa a wuri mai tsini. Saboda haka siririn baki yana ba da tartsatsi da ƙarancin wuta.

Amfaninsa biyu ne tabbatattu. Yana daɗewa, kuma yana sauƙaƙa tashin inji, musamman da sanyin asuba ko inda kwayil ya fara rauni. An yi shi ne domin motocin da kwamfuta ke auna musu mai daidai wa daida, waɗanda kuma sai an kwance abubuwa da yawa kafin a kai ga fulogi. A irin wannan mota, fulogin da zai yi shekaru ba a taɓa shi ba riba ne.

Batun ƙarin ƙarfi da rage shan mai kuwa, yawanci ga yadda abin yake: an cire mataccen fulogi an sa sabo, inji ya dawo hayyacinsa, sai a ba iridiyam ladan. Da sabon na gargajiya aka sa, kusan haka za a ji. Man da kafireto ya zuba, shi fulogi zai kunna. Ba shi da ikon rage shi.

A injinanmu kuma ba cinyewa ke kashe fulogi ba, datti ne. Idan ringi ya mutu baƙin mai yana haurowa, ko kafireto yana zuba mai fiye da kima, ko fetur ɗin da aka sayo a galan ya haɗu da wani abu, iridiyam zai yi baƙi kamar yadda na gargajiya zai yi. Bambancin kawai shi ne wanda za a jefar ya fi tsada. Kuma ba ya jure irin jinyar da muka saba yi wa fulogi. Goga shi da samfefa ko burushin ƙarfe yana lalata bakin. Ƙwanƙwasa shi a kan dutse don a rage tazara, ko zura sukundireba a buɗa ta, yana iya karya allurar. Gasa shi a wuta kuwa, ko na gargajiya ne, yana iya fasa tangaran.

Fulogi ɗan rahoto ne

Tsofaffin kanikawa suna duban bakin fulogi kamar yadda malamin asibiti ke duban idon majinyaci. Idan ya yi ruwan ƙasa, kalar shayi da madara, inji lafiya lau. Idan ya yi baƙi busasshe kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. A nan ya kamata mu tuna cewa noman rani da ƙurar hunturu tare suke zuwa. Soson tace iska yana toshewa, inji ya kasa numfashi, ya riƙa shan mai yana baƙin hayaƙi. Wanke soson nan ya fi sayen fulogi mai tsada rage shan mai. Haka ma mantawa da cok a rufe bayan inji ya tashi. Idan bakin ya yi baƙi mai maiƙo, ringi ne ya gaji, ko kuma an cika baƙin mai a fetur ɗin janareta. Idan ya yi fari fat, da 'yan ƙuraje ko alamar narkewa, inji yana zafi fiye da kima, ko iska tana shiga ta inda bai kamata ba, ko fulogin ya yi wa injin zafi. Wannan shi ne wanda ba a jinkiri da shi.

Tsadar fetur ta sa manoma da dama a Arewa sun mayar da injinan ban ruwa da janareta zuwa gas na girki. Gas ba ya barin datti kamar fetur, amma ya fi wuyar kunnawa, kuma ba ya sanyaya bakin fulogi. Shawarar masu ƙera fulogi ga injin gas ita ce a ɗan rage tazara, a kuma kauce wa fulogi mai zafi. A nan ne siririn bakin iridiyam zai iya biyan kuɗinsa, matuƙar lambarsa ta dace da injin.

Sai matsalar jabu. Kamfanonin NGK da Denso da kansu sun sha gargaɗi a kan fulogan bogi masu ɗauke da sunansu, kuma masu tsadar aka fi kwaikwaya, domin a nan ribar take. Na bogi bakinsa yana iya narkewa ya faɗa cikin silinda. Ku duba rubutun jiki ko ya fita tsaf, ku duba washa ko tana zamewa ta fita cikin sauƙi, ku duba zaren ko yana da kaushi. Idan aka ce muku ga iridiyam a kuɗin na gargajiya, ku tuna cewa araha ba ta ado. Na gargajiya na ainihi ya fi iridiyam na bogi nesa ba kusa ba.

Wajen ɗaurawa ma akwai ƙa'ida. A bari inji ya huce, a share ƙurar bakin rami kafin a cire tsohon. A fara murɗa sabon da hannu har ya zauna, domin kan silinda na alminiyam ne, in aka fara da sifana zare ya hau a karkace, an jawo aiki. Littafin Honda ya ce sabon fulogi rabin juyi ake ƙara masa bayan ya zauna, wanda aka taɓa ɗaurawa kuma ɗaya bisa takwas zuwa ɗaya bisa huɗu na juyi. Ya kuma ce a duba fulogi duk bayan awa 100 na aiki, a sauya shi bayan awa 300. Mai ban ruwa awa biyar kullum zai cinye awa 300 cikin kwana 60, tun kafin a gama cirar tumatir. Ajiye fulogi ɗaya na ainihi a aljihu, naɗe a leda, ya fi dogon zuwa gari ana tsakar ban ruwa. Kada kuma a gwada tartsatsi kusa da buɗaɗɗen tanki ko inda fetur ya zube.

Aiki ga ɗalibai

Duk abin da muka lissafa yana cikin littattafanmu na sakandare: yadda zafi ke bin ƙarfe, yadda kwayil ke ɗaga wuta, yadda mai ke ƙonewa idan iska ta ishe shi da idan ba ta ishe shi ba. Abin da ya rage shi ne a haɗa allo da gareji. Ƙungiyoyin kimiyya na makarantu, irin su JETS, za su iya tara matattun fulogai daga wurin masu gyaran babur da janareta, su jera su bisa kalar bakinsu, su fassara rubutun jikinsu, su rubuta cutar da ta kashe kowanne. Ba ya cin ko kwabo. Ɗalibin da ya iya wannan ya riga ya sa ƙafa a hanyar da ke kaiwa Kwalejin Nuhu Bamalli ko sashen injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello, ga su nan a Zariya kusa da gida. Yaron gareji da ya iya karanta lamba kuwa ya wuce mai gwada wannan ya gwada wancan har a dace.

Idan an aike ku sayen fulogi a wannan rani, ku tafi da tsohon a hannu, ku kwafi lambarsa a takarda, ku kuma duba littafin injin ko takardar da ke manne a jikinsa, domin mai yiwuwa tsohon ma ba nasa ba ne. A shago ku jera su biyu ku gwada tsawo. Kafin ku jefar da tsohon, ku dubi bakinsa da kyau, ku gaya wa Baba abin da kuka gani.